Daga Ƙonni zuwa Difa: Wa ke riƙe da makullin ruwan da ke ciyar da kasuwanninmu?

Duk ɗan kasuwar da ke hada-hada a kan iyakar Nijeriya da Nijar ya san watan da albasa ke karyewa a Birnin Ƙonni da Illela, ya san lokacin da buhunan tattasan Difa ke sauka a Maiduguri da Kano, ya kuma san ranar da zogalen Jiratawa da tumatir ɗin fadama ke cika kasuwar Maradi. Idan farashi ya tashi mukan ɗora laifin a kan canjin naira da sefa, ko kuɗin mota, ko shingayen jami'an tsaro da ke kan hanya, kuma duk gaskiya ne. Amma akwai wani dalili da ba kasafai muke sa shi a lissafi ba, wato ruwa. Galibin kayan lambun da muke saye da sayarwa da rani, ruwan kogunan da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kansu ne ya shayar da su. Shawarar da wani injiniya zai yanke a bakin dam, ko ya buɗe ƙofa ko ya rufe, tana iya zama riba ko asara ga mai rumfar da ke nesa da shi da ɗaruruwan kilomita, a wata ƙasa daban.

Shi ya sa muka ga ya dace mu duba yadda ƙasashen nan biyu, masu iyakar da ta kai kimanin kilomita 1,500, suka tsara raba wannan ruwa a tsakaninsu, da inda tsarin ya yi aiki, da kuma inda ya tsaya a takarda.

Kowa na sama, kowa na ƙasa

A rikicin ruwa tsakanin ƙasashe, wanda ke sama, inda kogi ya taso, shi ne mai wuƙa da nama. Masar da Habasha sun shafe shekaru suna kai ruwa rana a kan Kogin Nilu saboda haka. Amma tsakanin Nijeriya da Nijar Allah ya tsara abin ta yadda babu wadda za ta yi wa 'yar'uwarta gori.

Kogin Kwara, wanda mutanen Nijar ke kira Kogin Isa, yana ratsa Tilaberi da Yamai da Gaya kafin ya shigo jihar Kebbi, saboda haka a kansa Nijar ce a sama. Haka ma kwarin Magiya, wanda ya taso daga tuddan Adar a jihar Tawa, ya bi ta yankin Galmi da Ƙonni, ya ƙare a tafkin Kalmalo kusa da Illela. A gabas kuwa lamarin ya juya. Komadugu Yobe daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake samun ruwansa, sai a ƙarshen tafiyarsa ya zama iyaka tsakanin Borno da Difa, kafin ya faɗa Tafkin Chadi. A nan Nijeriya ce a sama.

Gulbin Maradi shi ya fi kowanne ban sha'awa. Daga ƙasar Katsina ya taso, inda ake kiransa Kogin Gada, ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar, ya ratsa Madarunfa da Maradi da Tsibiri da Gidan Runji, sa'an nan ya karkato ya sake shigowa Nijeriya ta jihar Sakkwato ya haɗu da Rima. A kan kogi guda, Nijeriya ce a sama kuma ita ce a ƙasa. Ruwan da Bakatsine ya saki, Bagobiri na Tsibiri zai sha, abin da ya rage ya gangara wa Bagobiri na Sabon Birni. Duk wadda ta ce za ta matse wa maƙwabciyarta a kan wani kogi, to ta sani akwai wani kogin da za a rama.

Abin da aka sa wa hannu a Maiduguri

Tun a 1971, zamanin Janar Yakubu Gowon da Shugaba Diori Hamani, ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar, mai hedkwata a Yamai, don kula da al'amuran da suka shafe su tare, kamar ciniki da sufuri da kiwo. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da wanda ya biyo baya a 1984, ya sa kowace ƙasa ta duƙufa gina madatsun ruwa, kowa na ƙoƙarin tare abin da zai iya tarewa. Ƙorafi ya yi yawa daga ɓangarorin biyu, har ta kai ga a watan Yulin 1990, zamanin Janar Ibrahim Babangida da Janar Ali Saibu, aka sa hannu a Maiduguri a kan yarjejeniyar raba ruwa bisa adalci.

Yarjejeniyar ta shafi koguna huɗu: Magiya da Lamido, Gada da Gulbin Maradi, Tagwai da Fadama, sai ƙarshen Komadugu Yobe. Muhimman abubuwan da ta ƙunsa ba su da wuyar fahimta. Kowace ƙasa tana da haƙƙin samun kaso na adalci daga kowane kogi. Kowace ƙasa za ta riƙa auna ruwan da ke gudana a ɓangarenta tana miƙa alƙaluman ga hukumar haɗin gwiwa. Wadda za ta yi wani aiki da zai iya sauya yawan ruwan da ke isa ga maƙwabciyarta, dole ta sanar tun kafin ta fara, a zauna a tattauna. An kuma tanadi kwamitin ƙwararru kan ruwa daga ƙasashen biyu da zai riƙa bin diddigin al'amarin, kuma ba a bar ruwan ƙarƙashin ƙasa a baya ba, tunda rijiyoyin fadama daga koramun nan suke sha.

Ko shakka babu, takarda ce mai kyau, kuma ta riga irinta da dama a nahiyar Afirka. Matsalar ita ce ba ta faɗa wa manomi a fili yawan ruwan da za a sakar masa a watan Fabrairu ba. An bar wannan ga kwamiti, shi kuwa kwamiti ba ya aiki sai da ma'aunan ruwa masu lafiya, da kuɗin taro, da kuma jituwa tsakanin gwamnatoci. Duk lokacin da ɗaya daga cikin waɗannan ya yi rauni, sai aiki ya tsaya.

Jibiya da Maradi, Ƙonni da Kalmalo

Dam ɗin Jibiya, wanda aka kammala a wajajen 1990, yana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 140, kuma an gina shi ne don noman rani da ruwan sha. Alheri ne ga mutanen Jibiya. Sai dai manoman Madarunfa da Maradi sun daɗe suna kokawa cewa tun da aka gina shi gulbi ba ya malala a fadama kamar da. Wannan malalar kuwa ita ce rayuwar kwarin, domin ita ke cika tafkin Madarunfa inda masunta ke kamun kifi, ita ke ajiye laka mai taki a gonaki, ita ce kuma ke sa ruwan rijiya ya tsaya kusa. Idan ruwan ƙasa ya yi nisa, mai lambu sai ya ƙara zurfin rijiyar burtsatse, ya ƙara man da injin ban-ruwa ke sha, kuma kuɗin nan a kan kwandon tumatir da damin zogale yake ƙarewa. Ba dam kaɗai ne sanadi ba, akwai ƙarancin damina da yawan jama'a da yashin da ke cike kwari, amma ba za a iya raba gaskiya da zargi ba sai an auna ruwan a ɓangarorin biyu an kwatanta.

Gulbin nan kuma ba ƙarancinsa ne kaɗai ke ta'adi ba. Dattawan Maradi sun san cewa ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashi tsohon gari daga cikin kwari aka koma tudu. A watan Yulin 2018 ruwan sama kamar da bakin ƙwarya ya afka wa Jibiya cikin dare, ya hallaka mutane sama da 40, kuma wasu gawarwakin sai a ƙetaren iyaka, a ƙasar Madarunfa, aka tsamo su. Mutanen can ne suka taimaka aka gano su. Ranar nan kowa ya ga cewa kwari guda ne, jama'a guda ce.

A Magiya kuwa kukan daga ɓangaren Nijeriya yake fitowa. Madatsun Mozage da Zango, waɗanda Nijar ta gina don shayar da filayen noman rani na Ƙonni, suna tare ruwan da a da yake gangarowa Kalmalo. Tafkin ya ja baya ƙwarai a shekarun fari, aikin noman ranin da aka kafa a bakinsa ya durƙushe, masunta da dama suka canza sana'a. Amma abin lura ga ɗan kasuwa shi ne, albasar Galmi da ta yi suna har Abijan da Akara, wadda motoci ke lodi a Ƙonni wasu su bi ta Illela, a wannan kwarin ake noma ta. Wato ruwan da bai iso Kalmalo a matsayin ruwa ba, yakan iso kasuwar Illela a cikin buhu. Wannan bai share hawayen manomin Kalmalo ba, sai dai yana nuna cewa arzikin kwarin guda ne, kuma raba shi bisa adalci zai amfani masu saye da sayarwa a ɓangarorin biyu.

Tattasan Difa da madatsun Kano

Mutanen Difa suna kiran tattasai jan zinari, kuma kusan dukkansa a gaɓar Komadugu ake noma shi, mafi yawansa kuma a kasuwannin Nijeriya ake sayar da shi. Amma makullin ruwansa yana can jihar Kano, a dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 da na Challawa da aka kammala a 1992. Tsakanin madatsun nan da Difa akwai birnin Kano mai buƙatar ruwan sha, akwai filayen shinkafa da alkama na Kura da Kadawa, akwai fadamun Haɗeja da Nguru. Sakin ruwa ba bisa tsarin damina da rani ba ya taimaka wa ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun, ruwa ya riƙa kwanciya inda ba a buƙatarsa, na ƙasa kuma su yi ta jira.

A 2006 jihohi shida na Nijeriya, wato Kano da Jigawa da Bauchi da Filato da Yobe da Borno, suka haɗu da gwamnatin tarayya suka kafa asusun kula da wannan kogi, aka yi aikin yashe wasu hanyoyin ruwa. Komadugu kuma yana ƙarƙashin Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964, wadda shugabanninta suka amince da kundin dokokin ruwa a 2012. Duk da haka, a 2019 da 2022 kogin ya yi ambaliya a Difa, ya cinye gonakin tattasai da shinkafa, ya raba dubban mutane da gidajensu, a yankin da rikicin Boko Haram ya riga ya jigata, har hukuma ta taɓa hana cinikin tattasai da kifi na wasu shekaru daga 2015. Ruwan da ya tashi daga ƙasar Kano da Bauchi yakan ɗauki makonni kafin ya isa Difa. Wannan tazara dama ce babba, domin idan labari ya riga ruwa isa, manomi zai kwashe injinsa, ɗan kasuwa ya ɗauke buhunansa daga rumbun da ke bakin kogi.

Kwara, Kainji da Kandaji

Babban kogin kuwa ba na ƙasashe biyu ba ne. Tsawonsa kimanin kilomita 4,200 ne daga tsaunukan Gini zuwa teku, kuma ƙasashe tara ne ke cikin Hukumar Kogin Kwara da aka kafa a 1980 a garin Faranah na Gini, mai hedkwata a Yamai: Gini da Mali da Nijar da Binin da Nijeriya da Burkina Faso da Kwaddibuwa da Kamaru da Chadi. A 2008 shugabanninsu suka amince da kundin ruwa wanda ya wajabta sanar da juna kafin a yi babban aiki a kan kogin.

Masu jiragen ruwa a Gaya da Lolo da Yawuri sun san kogin yana cika sau biyu a shekara. Akwai cikar damina mai ɗauke da laka, wadda ruwan saman yankinmu ke kawowa, sai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso daga Gini ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, ba ya isowa sai cikin hunturu. Wannan baƙin ruwan ne ke riƙe dam ɗin Kainji, wanda aka kammala a 1968, har ya ci gaba da ba da lantarki da rani. Saboda haka duk abin da aka gina a sama ya shafi Nijeriya kai-tsaye.

Tun cikin shekarun 1970 Nijeriya ke sayar wa Nijar lantarki ta layin da ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, kuma jami'an Nijeriya sun sha faɗa cewa ana yin haka ne don kada Nijar ta tare kogin daga sama. Ita ma Nijar tana da hujjarta. A watan Yunin 1985 kogin ya daina gudana a Yamai, abin da ya tsorata kowa. Shi ya sa ta daɗe da burin gina dam ɗin Kandaji a jihar Tilaberi, wanda Shugaba Tandja Mamadu ya aza harsashinsa a 2008, aka sake tayar da aikin a 2019. An tsara zai ba da megawat 130 na lantarki, ya shayar da dubban kadada, ya kuma riƙa sakin ruwa da rani don kada kogin ya sake ƙafewa. An tattauna aikin a ƙarƙashin Hukumar Kogin Kwara, kuma wannan shi ne amfanin hukumar: a yi jayayya a teburi kafin a zuba kankare.

Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai. A cikin takunkumin ƙungiyar ECOWAS, Nijeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke lantarkin da a lokacin ya kai kimanin kashi 70 cikin ɗari na abin da Nijar ke amfani da shi. Babu wanda zai ba 'yan kasuwar Illela da Jibiya da Mai'aduwa da Maigatari labarin abin da ya biyo baya, domin a gabansu albasa ta ruɓe a cikin motoci, masu ƙanƙara da masu niƙa a Maradi da Yamai suka zauna babu aiki. An buɗe iyaka an mayar da wuta a watan Maris na 2024, amma darasin ya zauna. Da zarar an yi amfani da lantarkin da kogi ke samarwa a matsayin bulala, to an ba na sama hujjar ya ce shi ma zai riƙe nasa. A watan Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS, su kuwa ukun nan duk suna sama da Nijeriya a wannan kwari. Abin da ya ɗan kwantar da hankali shi ne ziyarar da ministan harkokin wajen Nijeriya, Yusuf Tuggar, ya kai Yamai a watan Afrilun 2025, inda ɓangarorin biyu suka amince a farfaɗo da hukumar haɗin gwiwar nan ta 1971.

Darasin Lagdo

Idan ana neman misalin abin da sanarwa ke iya yi, a duba Kogin Binuwai, babban reshen Kwara, wanda ya taso daga Kamaru. Dam ɗin Lagdo da ke kusa da Garwa ya fara aiki a 1982, kuma dam ɗin Dasin Hausa da aka tsara ginawa a jihar Adamawa don tare ruwan da Lagdo ke saki ba a kammala shi ba. A 2012 ambaliya ta hallaka mutane sama da 360 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu, a 2022 kuma waɗanda suka rasu sun haura 600. Ruwan sama mai yawa da kogunan cikin gida su ne babban sanadi, amma sakin ruwan Lagdo ya ƙara wa wuta fetur. A 2023 da 2024 Kamaru ta aiko da sanarwa kafin ta buɗe ƙofofin dam ɗin, hukumomin Nijeriya suka shelanta a rediyo, aka kuma riƙa sakin ruwan kaɗan-kaɗan. Takarda guda da shela a rediyo ba su kai kuɗin buhun siminti dubu ba, amma suna ba mutum kwanakin da zai tsira da ransa da jarinsa.

Ina rabon 'yan kasuwa?

A ganinmu, abin da mazauna kan iyaka ke buƙata daga waɗannan hukumomi bai fi ƙarfinsu ba. Na farko, a riƙa sanar da jadawalin sakin ruwa daga Jibiya da Tiga da Challawa da madatsun Magiya, da damina da rani, a faɗe shi da Hausa da Kanuri da Zabarmanci a gidajen rediyon ɓangarorin biyu, yadda ake faɗin farashin kayan gona. Na biyu, a gyara ma'aunan ruwa a wuraren da kogunan ke ƙetare iyaka, a bar alƙaluman a buɗe, don a daina zargi a kan abin da za a iya aunawa. Na uku, kuma mafi muhimmanci, gwamnatoci su amince cewa ko me ya haɗa su, ba za a taɓa ruwa da tarukan ƙwararrun ruwa ba.

'Yan kasuwa kuma suna da bakin magana fiye da yadda suke zato. Ƙungiyoyin masu albasa da na masu tattasai da na masu kifi suna da mambobi a ƙasashen biyu, kuma sarkin kasuwar Jibiya ya fi kowane jami'i saurin samun takwaransa na Maradi a waya. Sarakunan Katsina da Maradi, da na Gobir a Tsibiri da Sabon Birni, 'yan'uwan juna ne tun kafin Turawa su ja layi. Idan waɗannan ƙungiyoyi suka sa maganar ruwa a cikin buƙatun da suke kai wa gwamnoni da 'yan majalisa, kamar yadda suke kai kukan shingaye da harajin kwastan, za a saurare su. Mai ba manomi bashin iri da taki don ya karɓi albasa a watan Maris, jarinsa yana kwance ne a kan ruwan da bai san wanda ke riƙe da makullinsa ba, kuma yana da haƙƙin ya tambaya.

Hausawa na cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Shekara 35 da wani abu ke nan da aka sa hannu a Maiduguri, jama'ar da ke shan waɗannan koguna sun ninka fiye da sau biyu, damina kuma ta zama ba ta da tabbas, wata shekara fari wata shekara ambaliya. Dokokin suna nan a rubuce, hukumomin ma suna nan da ofisoshinsu a Yamai da Njamena. Abin da ya rage shi ne masu cin abinci daga kogunan su matsa a yi aiki da su.